Saƙon da Guntu Bai Kai Ba

Sallama gare ku, 'ya'yana da jikokina na cikin waya. Na ga saƙonninku, har da na wata Hannatu da ta rubuto cewa, “Hajiya, mu fa soyayyarki da Haladu tela muke jira, me ya kawo kare cikin zance?” To Hannatu, gyara zama. Ba don karen nan ba, da rayuwarsa da mutuwarsa, da yanzu 'ya'yana sunan wani uban suke amsawa.

Ga wanda yau ya fara shigowa, sunana Rabi'atu. Bafulatana ce ni, a wata ruga aka haife ni yamma da Gagarawa Tasha, tun muna cikin jihar Kano. Abin da zan ba ku ya faru a bazarar shekarar da aka bar fam da sule aka koma naira. Daminar da ta wuce ba ta yi kyau ba, shanu sun rame, kowa ransa a kusa yake. Ni kuwa na kai sha takwas, matan ruga har sun fara tambayar Inna ko ajiye ni za a yi a tatsa.

Ni 'yar fari ce. A wurinmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya yi masa magana kai tsaye, ba ya ma yarda su haɗa ido. Kada ku ce ƙiyayya ce, kunya ce muka gada, kuma muna alfahari da ita. Babana, Baffa Manu, ya riƙe ta da hannu biyu. Ƙannena yana kiransu, yana yi musu faɗa, yana dariya da su. Ni kuwa “mutanen gidan nan” nake, ko da ni kaɗai ce a tsakar gida. Inna ma “waccan” take ce mini.

Sai Allah ya kawo Guntu.

Daga kasuwar Maigatari Baffa ya dawo da shi wata Alhamis, ɗan kwikwiyo ja, a kwance cikin malfarsa. Wutsiyarsa ba ta kai ɗan yatsa ba, sunan ya bi shi ke nan. Ina 'yar shekara shida lokacin. Don gadin maruƙa aka kawo shi, kuma an kafa masa doka: ba shiga ɗaki, ba zuwa kusa da ƙoren nono, ba taka inda ake salla. Yana da fasasshen kaskonsa a gindin rumbu, ni ke zuba masa tsaki da tsala. Wurin kwanciyarsa kuwa shi ya zaɓa da kansa, daidai tsakanin tabarmar Baffa da turmin da nake daka.

Wata rana na dawo daga rijiya ina ɗingishi, ƙaya ta soke ni. Baffa yana zaune yana tufka igiya. Bai ɗago ba, sai na ji ya ce, “Guntu, kai dai ba ka da takalmi, ba laifinka ba ne. Amma an ce akwai wanda aka saya wa, ya ƙi sawa.”

Na tsaya da tulu a ka. Ban san inda na samo ƙarfin hali ba, na ce, “Guntu, ka ce takalmin ya tsinke tun sallar layya.”

Alhamis ta gaba na tarar da sababbin takalman faɗe a ajiye kusa da kaskon Guntu.

Daga nan hanya ta buɗe. Faɗa ta wurin Guntu, godiya ta wurin Guntu, har barkwanci. In tuwo ya yi ruwa, Guntu ke shan magana. In zazzaɓi ya kama ni, Guntu ake tambaya ya jikin mutanen gida. Shi kuwa malam yana kwance, ya ɗora haɓa a kan ƙafafu, kunne ɗaya a miƙe, yana juya ido daga wannan zuwa wancan kamar alƙali. Duk rugar an sani, ba wanda ya taɓa nuna ya sani.

Yanzu Hannatu, ga telanki.

Duk ranar da jirgin Nguru zai tsaya nakan kai nono tasha. In sha baƙin saƙi, da 'yar riga mai ado ja da kore, duwatsun wuya har hawa uku, in shafa man shanu a kitso, ƙwarya a ka, Guntu a baya. Can gefen tasha ƙarƙashin dalbejiya akwai rumfar wani tela mutumin Sule Tankarkar, Haladu. Siriri, baƙi, kullum cikin farar 'yar shara da ƙube, da agogon hannu wanda ban taɓa ganin ya duba ba. Kullum sai ya sayi nono. Sai bayan aure na gane nono ɓata masa ciki yake yi, maƙwabcinsa mai faci yake ba.

Tsoron Guntu kuwa ba a magana. Da ya hango mu sai ya ɗage ƙafafunsa daga kan keken ɗinki ya naɗe su a benci.

“'Yar Fulani, wannan dogarin naki ba ya hutu ne?”

“Ba ya cizon mai gaskiya.”

“To ki ce ya ɗan matsa. Tawa gaskiyar ba ta kai a gwada ta da haƙori ba.”

Na yi dariya har nono ya kusa zuba. Ina jin a ranar ne abin ya shige ni, don na koma gida ban tuna na karɓo gishirin Inna ba.

Wata rana ya miƙo mini wani jan ƙyalle, ya kalmashe bakinsa ya ɗinke tsaf. “Ki ɗaura masa a wuya, ko ya san ni ma na gida ne.”

Na ɗaura. Da yamma Baffa ya daɗe yana kallon wuyan Guntu.

“Guntu, yau kai ne da sabon kaya? Wannan kuwa ɗinkin keke ne, ba na hannu ba.”

Na dage da daka kamar ban ji ba, kunnuwana suna zafi.

“Hmm,” in ji Baffa. “Ɗinkin dai ya miƙe.”

Sai ga Goggo Sabuwa. Yayar Baffa ce uwa ɗaya uba ɗaya, bukkarta na kallon tamu. Ita ta goye ni, ita ta yi mini kitson farko, kuma tunda Inna ba ta iya nuna mini so a fili, a cinyar Goggo na yi duk shagwaɓata. Ina son matar nan har yau da take ƙasa. Amma in ta sa abu a gaba, ko bijimi sai ya kauce. Abin da ta sa a gaba kuwa shi ne ni da ɗanta Sajo, wanda ya tafi kudu da shanu cin rani.

Sajo ba shi da aibu, in faɗi gaskiya. Mai haƙuri ne, ya san shanu. Sai dai tare muka tashi, a ƙwarya ɗaya muka sha, ya sha fasa mini baki a kan wa zai ɗauki Guntu yana kwikwiyo. In na dube shi, wana nake gani, shi ke nan.

Labarin tela ya riga ya kai kunnen Goggo. Tana yi mini kitso tana ja da ƙarfi.

“Tela, Rabi? Mutumin da ke zaune a inuwa yana taka ƙarfe? Saniya nawa gare shi?”

“Goggo, ni fa ban ce komai ba.”

“Gara da ba ki ce ba. Namu ba ya fita waje, shanunmu ma haka. Kulle ki za su yi a gidan ƙasa, ki riƙa sayen nono da ludayi.”

Ta kai maganar gaban Baffa. Yaya ce, ba ya iya ce mata a'a haka kawai, sai da hujja. Hujjar kuwa a bakina take. Wata la'asar ina daka, ya gyara murya.

“Guntu, an zo da maganar zumunci. Magana ce mai kyau. Amma ni ba na ɗaure akuya a turken da ba ta so, balle mutum. Ka bincika mini, ba gaggawa. In ka samo amsa ka kawo.”

Taɓarya ta tsaya mini a sama. Ga ƙofa an buɗe mini har bango. Abin da zan ce bai fi kalma biyar ba. Amma maganar takalmi daban, maganar namiji daban. Sai na ce a raina gobe. Gobe ta zo na ce jibi. A hanyar tasha kuwa bakina ba ya rufuwa: “Guntu, ka ce Haladu nake so. Guntu, ka ce Sajo wana ne.” Ya ji amsar nan har ya gaji. Na manta cewa Guntu ba ya kai saƙo sai mai karɓa yana zaune a wurin.

Ban lura ya tsufa ba. Kullum ina ganinsa, shi ya sa. Idonsa ya yi fari-fari, tsaki ma sai na jiƙa masa sosai, a hanyar tasha sai in tsaya jiransa a inuwa ina yi masa tsiya wai ya zama malalaci. Wata safiya na fito da ƙwaryar tatsa na ce, “Tashi mu je.” Yana wurinsa, haɓa a kan ƙafafu. Kunnen nan da kullum yake miƙe ya kwanta.

Na ajiye ƙwarya na durƙusa. Ban san ina kuka da sauti ba sai da Goggo ta fito.

“Ke, share idon nan kada wani ya ji. Kuka a kan kare? A samu igiya a ja shi daji kafin rana ta yi.”

Haka ake yi, ba mugunta ta faɗa ba. Amma Baffa ya fito, ya tsaya, ya duba. Ya shiga ya ɗauko tsohon buhu da dagi. Ya naɗe Guntu, ya saɓa a kafaɗa, ya nufi gabas wajen aduwoyi. Ba wanda ya hana shi, har Goggo. Ni ma ban bi shi ba, na tafi tatsa ina share hanci da bakin zane.

Ranar na san cewa ba kare kaɗai muka rasa ba. Da la'asar Baffa ya zauna a tabarmarsa, ni ina bakin turmi, tsakaninmu ƙasa ce kawai da ɗan ramin da Guntu ya tona don sanyi. Ina ganinsa ta gefen ido, ya buɗe baki ya dubi wurin, ya rufe. Washegari jar saniyarmu, wadda ba ta taɓa harbi ba, ta yi fatali da ƙwaryar nono har da ni. Na dawo jiƙe sharkaf. Baffa ya dube ni, ya dubi ramin Guntu, ya tashi ya fita.

Da shiru ya yi yawa, Sajo kuma ya dawo da shanu, sai Baffa ya yi abin da al'ada ta ce: ya aiko babbar mace ta tambaye ni. Babbar macen gidanmu kuwa wace ce in ba Goggo ba? Ku ji fa, mai neman abu ita aka aika ta tambayo ko za a ba ta.

A bukkar Inna Goggo ta same ni.

“Babanki ya ce in ji ta bakinki. Kina son ɗan'uwanki ko kuwa?”

Ta yaya zan dubi matar da ta goye ni in ce ba na son ɗanta? Na sunkuyar da kai ina jan zaren faifai. Hawaye ya ɗiga a kan faifan.

“Kun gani ko? Kukan kunya. 'Yar gidan mutunci ke nan.”

Ta rangaɗa guɗa. A wurinmu shirun budurwa amsa ce, kuma amsar ita ce to. Inna ta daɗe tana kallona, amma ita ma kunyar ta ɗaure ta. Kafin magariba an sa rana: Juma'a dattawa za su taru, a yanka bijimi. In jininsa ya taɓa ƙasa, magana ta ƙare.

Ranar Laraba na je tasha ni kaɗai. Haladu ya fara naɗe ƙafa, sai ya leƙa bayana.

“Ina dogari?”

Na fashe da kuka a gaban mutane. Ya tsayar da keke. Na zaci zai yi dariya, Bahaushe ne, kare a wurinsu ba abin kuka ba ne. Sai ya cire hula ya riƙe a hannu.

“Allah ya ba ki haƙuri, Rabi. Ya yi miki rakiya da amana.”

Na gaya masa komai, har da bijimi. Ya murza zare a yatsa, sannan ya ce:

“In kin ce, gobe manyana za su zo. Amma in suka zo aka ce an tambaye ki kin yarda, me za su ce? Ni zan iya ɗinka miki duk rigar da kike so. Wannan maganar kuwa ke kaɗai ke da ita.”

Haushi ya kama ni. Na so ya ce zai yi wani abu, ko da ƙarya ce. Na ɗauki ƙwaryata ban sayar masa da nonon ba, na tafi ina ce masa matsoraci a raina. Tun kafin in kai ruga na san wane ne matsoracin a cikinmu.

Safiyar Juma'a na ga an ɗaure bijimin a gindin tsamiya, ƙato, fari, yana tuƙa abinsa. Ban iya kallonsa ba. Na ce wa Inna zan je itace, na nufi aduwoyi. Ban taɓa zuwa kabarin ba, na ce bari in je in yi kukana inda ba mai hana ni.

Tun daga nesa na ji ana jan ƙaya. Na laɓe bayan sabara. Baffa ne, ya tuɓe babbar riga ya rataye, yana jera rassan magarya a kan ɗan tudu don kada dila ya tona. Wasu rassan sun bushe, wasu ɗanyu. Ashe kullum yana zuwa. Mutumin da ban taɓa ganin ya shafa kan karen nan ba.

Ya tsuguna. “Guntu, yau ce fa. Ka tafi ba ka kawo mini amsa ba. An ce mini an yi shiru. Ni kuma shirun nan bai kwanta mini ba.”

Ƙafafuna suka fito da ni ba da shawarata ba. Na zaga na durƙusa a ɗaya gefen tudun. Bai ɗago ba, amma hannunsa ya tsaya. Ga mu yadda muka saba, shi can, ni nan, Guntu a tsakiya.

Na ce, “Guntu, ka ce…”

“Guntu ya mutu,” in ji Baffa a hankali. “Tun ɗazu nake yi masa magana, bai motsa kunne ba.”

Iska ta kaɗa busassun rassa. Daga ruga ina jiyo muryoyin maza sun fara taruwa. Na tuna la'asar ɗin nan da na ce gobe, na ga yau babu wata gobe.

“Baffa.”

Tunda aka haife ni ban taɓa kiransa ido da ido ba. Kafaɗarsa ta motsa.

“Baffa, Sajo wana ne, ina ganin girmansa. Amma ba na son aurensa. Haladu nake so.”

Na rufe ido ina jiran ƙasa ta tsage. Abin da na ji shi ne ajiyar zuciya, doguwa, irin ta wanda ya sauke dami.

“Alhamdu lillahi. To me ya hana a faɗa tun ana da ɗan aike?” Sai ya ƙara da cewa, “Rabi'atu.”

Haka ya faɗe shi, cikakke, a hankali, bai yanke ko gaɓa ɗaya ba. Shi ya raɗa mini sunan, bai taɓa ɗanɗana shi ba sai ranar. Jama'a, na yi kuka, amma wannan karon na daɗi ne. Jikina ya yi sakayau, har yunwa na ji, ni da na kwana biyu abinci ba ya wuce mini.

Ya sa hannu a aljihu ya ciro jan ƙyallen nan, ya miƙo mini ta saman ƙaya. Ashe ya kwance shi kafin ya rufe ramin.

“Bijimi ba zai mutu yau ba. Dattawa ni zan tare su, Sajo ma ni zan zauna da shi. Yaron tasha ya turo manyansa in gan su.” Ya miƙe ya ɗauki rigarsa. “Amma Goggonki, ke kika yi mata shiru. Ke za ki je ki warware.”

Muka kamo hanya, shi a gaba, ni a baya. Mun kusa ruga, bai juyo ba, ya ce, “Jar saniyar nan, hantsarta ta hagu ke ciwo. A riƙa tatsa ta dama.”

“Baffa, ai ta riga ta gaya mini da ƙafarta.”

Na ga bayansa yana girgiza. Dariya yake yi.

Kada ku zaci daga ranar ya zama abokin hirata. Kunya ba ta tafi ba, har ya koma ga Allah ba a cika jin sunana a bakinsa ba. Amma in magana ta zama dole, yana yi, ina yi. Abin da na koya a wurin Guntu ke nan, kuma sai da ya mutu na koya. Shekara da shekaru na ɗauka shi ke haɗa ni da Baffa, ashe Baffa da kunnensa yake ji na tun farko. Na kuma koyi duba na kusa da ni da kyau, don wanda kullum yake gabanka shi ne ba ka ganin tsufansa. Har yau in na ji kaina ina cewa gobe zan faɗa, sai in tuna kunnen nan da ya kwanta, in tashi in faɗa.

Na ɗaura jan ƙyallen a hannuna na ratsa tsakar ruga. Bijimi na nan yana tuƙa, bai san ya sha ba. A ƙofar bukkar Goggo na ji ƙamshin lalle, ta riga ta kwaɓa, tana 'yar waƙarta ta jin daɗi. Matar da ta goye ni. Ƙafata ta so ta juya, na waiga gefena inda Guntu kan tsaya, ba kowa.

Na yi sallama.

“Wace ce?”

“Ni ce, Goggo. Rabi ce.”

“Amarya da kanta? Shigo mana, wa ya aiko ki?”

Na sunkuya na shiga, na durƙusa a gabanta, na ɗago kai.

“Ba wanda ya aiko ni, Goggo. Magana na zo da ita.”